Quicksilver 25W-40: baƙin mai ne mai ƙarko, amma ba kowane injin ruwa ya dace da shi ba

Wanda ya saba da baƙin man mota, idan ya fara ganin 25W-40 a jikin jarka sai ya tsaya ya sake dubawa. A mota an saba da 5W-30 da 10W-40 da 20W-50, amma 25W-40 kusan sai a injin jirgin ruwa ake cin karo da shi. Quicksilver suna ne da kamfanin Mercury Marine na Amurka ke sayar da mai da kayan gyara a ƙarƙashinsa, kuma wannan man nasu na injin fetur ne mai bugu huɗu, wato irin na mota, wanda ba a gauraya masa mai da fetur. Yana zuwa kashi biyu: na zallar man ƙasa da aka tace, da wanda aka gauraya da man haɗi na sinadari. Hukuncina a kansa shi ne, mai ne mai kyau ƙwarai ga babban injin da ke aikin ƙarfi a wuri mai zafi. Matsalar kawai ita ce mutane da yawa suna sayensa ne don sun ji an ce yana da kauri, suna ɗauka kauri shi ne inganci, har su zuba shi inda bai kamata ba.

Lambobin nan biyu ba ado ba ne, awo ne na ƙa'idar SAE J300, wadda ƙungiyar injiniyoyin mota ta SAE ta kafa don rarraba mai bisa kaurinsa. Ta farko mai harafin W tana faɗin halin man a cikin sanyi. Ana gwada man 25W a digiri 10 ƙasa da sifili a ma'aunin Salsiyos, kuma a nan an yarda kaurinsa ya kai 13,000 cP, wato ma'aunin kaurin mai. Man 10W kuwa sai an kai shi digiri 25 ƙasa da sifili ake gwada shi, kuma ba a yarda ya wuce 7,000 cP ba. Lamba ta biyu tana faɗin kaurin man a digiri 100. Duk man da aka rubuta wa 40 dole kaurinsa ya faɗa tsakanin 12.5 da 16.3 cSt, shi ma wani ma'aunin kauri ne, na 30 kuma tsakanin 9.3 da 12.5. Ke nan idan inji ya ɗau zafi, 10W-40 da 15W-40 da 25W-40 duk a aji ɗaya suke. To me ya sa za a zaɓi wanda ya fi su daskarewa a sanyi?

Amsar tana cikin yadda ake haɗa man. Kowane mai yana tsinkewa idan ya ji zafi. Don a samu man da zai gudana da sauƙi da safe kuma ya riƙe kauri da rana, sai a ɗauko mai mara kauri a zuba masa wani sinadari mai dogayen zaruruwa, waɗanda ke rage tsinkewarsa idan zafi ya tashi. Iya faɗin tazarar da ke tsakanin lambobin biyu, iya yawan sinadarin da ake buƙata, musamman a man ƙasa. Su kuma zaruruwan nan ba sa dawwama. Duk lokacin da man ya ratsa tsakanin karanshaf da metal, wato ƙarfen da karanshaf ke juyawa a kansa, ko tsakanin haƙoran famfon mai, ana datsa su, kuma wanda aka datsa ba ya sake haɗewa. Man da aka zuba yana 40 sai ya sauko 30 tun kafin lokacin juye ya yi. Shi 25W-40 tazararsa ƙarama ce, asalin man da aka yi shi da shi mai kauri ne, don haka bai dogara da zaruruwan sosai ba. Abin da ba a zuba da yawa ba, ba za a datsa da yawa ba. Wannan ne babban ƙarfin man, kuma a nan ya cancanci yabo.

A mota wannan bai cika damun kowa ba, domin injin mota hutawa yake yi a mafi yawan tafiyarsa. Yana juyi wajen 2,000 a minti a kan miƙaƙƙiyar hanya, ana sauya masa giya, ana sakin totur a gangara. Injin ruwa ba shi da wannan gatan. Kamar babbar mota ce ɗauke da kaya tana hawan tudun da ba ya ƙarewa, domin ruwa ba ya daina turjiya, kuma da ka saki totur jirgi zai lafa. Injin da ake maƙalawa a bayan kwale-kwale yana kaiwa juyi 5,000 zuwa 6,000 a minti idan an buɗe masa wuta, kuma yana iya shafe sa'o'i kusa da hakan. A irin wannan aiki awon da ya fi muhimmanci shi ne wanda ba a rubutawa a gaban jarka, wato kaurin man a digiri 150 yayin da ake murza shi da ƙarfi, irin yanayin da yake shiga a cikin metal. Ƙa'idar SAE ta ce 25W-40 da 20W-40 da 15W-40 kada su yi ƙasa da 3.7 cP a wannan gwaji. Man 30 na mota 2.9 kawai ake nema daga gare shi, 0W-20 kuma 2.6. Bambancin yana kama da ƙarami a takarda, amma shi ne kaurin shimfiɗar man da ke raba ƙarfe da ƙarfe.

Jarkar tana ɗauke da tambarin FC-W, kuma wannan ya kamata mai saye ya fara nema tun kafin ya dubi sunan kamfani. Ƙungiyar masu ƙera jiragen ruwa ta Amurka, NMMA, ita ta fito da shi a 2004 don injunan ruwa masu bugu huɗu. Kafin mai ya samu tambarin sai ya ci gwajin hana tsatsa, da na kumfa, da na toshe filta, da gwajin sa'o'i 100 a cikin injin gaske, kuma kaurinsa a digiri 150 bayan an murza shi kada ya gaza 3.3 cP. Wannan ya nuna 10W-30 mai FC-W ba ɗaya yake da 10W-30 na mota ba, ko da lambobin sun zo ɗaya. Batun tsatsa kuma ba ƙarami ba ne. Injin ruwa yana shaƙar iska mai laima, wani lokaci mai gishiri, sannan a ajiye shi makonni ba a tayar ba. A injin maƙalawa karanshaf a tsaye yake, don haka da an kashe shi man yana tsiyayewa ƙasa ya bar na sama a bushe. Ƙungiyar tana wallafa sunayen man da ta amince da su a shafinta na intanet, kuma yana da kyau a duba, domin rubuta "na jirgin ruwa" a jikin jarka ba ya buƙatar izinin kowa. Idan injinka na zamani ne mai na'urar tace hayaƙi a salansa, sai ka nemi FC-W ɗin da aka ƙara wa bayanin cewa ya dace da wannan na'urar, saboda yawan sinadarin fosfaras yana kashe ta a hankali.

Wurin da wannan man ya fi nuna amfaninsa shi ne wajen jure fetur da ke kwarara cikinsa. Injin ruwa yana aiki a sanyaye fiye da na mota. Wanda ke jan ruwan kogi ko na teku kai tsaye yana sanyaya kansa, tamostat ɗinsa yakan buɗe wajen digiri 60, an yi hakan da gangan don kada gishiri ya daskare a hanyoyin ruwa. Na mota yana kusa da 90. Idan aka daɗe ana tafiya a silo, kamar yadda masu jan ƙugiya a bayan jirgi ke yi, silinda ba ta yin zafin da zai ƙone fetur duka. Ragowar sai ta bi gefen ringi ta gangara cikin baƙin mai, kuma man bai yi zafin da zai kore ta ba. Zaro sandar awon mai ka duba da kyau. Idan man ya haura alamar sama alhali ba wanda ya ƙara, yana ɗiga daga sandar da sauri kamar ruwa, kuma ka kai shi hanci ka ji warin fetur, to an samu wannan matsalar. Man da ya fara da kauri na 40 yana da sauran abin da zai kare inji bayan fetur ya tsinka shi, wanda ya fara da 30 kuwa tazararsa ta fi ƙanƙanta.

Sai dai a fahimta, man yana sayen lokaci ne kawai, ba ya gyara musabbabin. Abubuwa uku ake fara dubawa. Tamostat da ya maƙale a buɗe, wanda ke hana inji ɗaukar zafi. Farfela da ta yi wa injin girma, har ya kasa kaiwa juyin da littafinsa ya ce ya kai idan an buɗe totur gaba ɗaya, domin injin da ake danne wa juyi yana tura hayaƙi da fetur ta gefen ringi. Sai kafireto da ke ambaliya ko injekta da ke ɗiga. Bayan doguwar tafiya a silo kuma, a ba injin wuta na wasu mintuna kafin a koma gaɓa, man ya yi zafi ya fitar da abin da ya sha.

To wa ya kamata ya saya? Masu injin MerCruiser na fetur, wato injunan Mercury da ake girkawa a cikin jirgi, irin su masu lita 3.0 da 4.3 da 5.0 da 5.7, domin dama su aka yi wa shi, kuma littattafan kamfanin sun daɗe suna ambatonsa. Tsofaffin littattafan ma sun ba da zaɓin mai lamba ɗaya idan ba a samu wannan ba: SAE 40 idan zafin iska ya wuce digiri 10, SAE 30 tsakanin sifili da 10, SAE 20W ƙasa da sifili. Wannan jadawalin kaɗai ya isa ya nuna cewa zafin wurin da jirgi ke aiki yana cikin lissafi. Haka nan manyan injunan maƙalawa na Mercury da littafinsu ya rubuta 25W-40. Idan jirgin na ɗaukar kaya ne ko fasinja, yana wuni a kan ruwa da wuta sama, na gauraye da man haɗi ya fi na zalla jure zafi, kuma a ganina ya cancanci ƙarin kuɗinsa. Wanda ke fita jefi-jefi kuma yana juye a kan lokaci, na zallar ya ishe shi.

Rauninsa yana wajen tashin farko. Littattafan ƙananan injunan Mercury da yawa sun fi son 10W-30 a kowane yanayi, suka ce 25W-40 sai idan zafin iska ya haura digiri 4. A cikin sanyi man yana yin nauyi, batir yana wahala, mai jan igiya da hannu yana ji a kafaɗarsa, kuma daƙiƙoƙin da man ke ɗauka kafin ya hau can saman inji suna ƙaruwa. A wannan ɗan lokacin ne ƙarfe ke cin ƙarfe. Akwai kuma abin da ba a gani: idan man ya yi kauri ya kasa ratsa takardar filta, wani bawul na gefe yana buɗewa ya bar shi ya wuce ba a tace ba. Don haka ko a wuri mai ɗumi, kada a tayar da inji a buɗe masa wuta nan take, a bar shi ya yi mintuna uku zuwa biyar a silo.

Kuma idan injinka ba na Mercury ba ne, kada ka ɗauka man da ya yi wa wani kyau zai yi maka. Honda na rubuta 10W-30 ga injunanta na ruwa. Yamaha tana da nata, Yamalube 4M, a 10W-30 da 20W-40, kuma 20W-40 ɗin shi ne kusan takwaran wannan da muke magana a kai ga mai aiki a zafi. Suzuki ta fi karkata ga 10W-40. Injunan zamani an matse tazarar da ke tsakanin metal da karanshaf, hanyoyin mai sirara ne, wasu kuma da matsin baƙin mai suke sauya lokacin buɗewar bawul, kamar tsarin VTEC na Honda. Man da ya wuce kaurin da aka tsara yana sa irin wannan tsari ya yi nawa, yana ƙara shan fetur, kuma yana rage yawan man da ke zagayawa. Mutane na mantawa cewa baƙin mai ba santsi kaɗai yake bayarwa ba, shi ke kwashe zafi daga ƙarƙashin fistin da metal, inda ruwan sanyaya ba ya kaiwa. Idan littafin ya ba da zaɓi biyu, ɗauki mai kaurin idan ana zafi kuma aikin na ƙarfi ne, ɗauki mara kaurin idan ana sanyi ko tafiyar gajeru ce. Idan zaɓi ɗaya ya bayar, magana ta ƙare.

Akwai wata al'ada da nake son a daina, ta zuba mai mai kauri don allurar matsin mai ta hau. Tsohon inji ne, metal ya cinye, matsin yana faɗuwa idan ya yi zafi, sai a zuba 25W-40 ko 20W-50 a ga allura ta ɗaga a ce an warke. Ita allurar, turjiya take aunawa, ba yawan man da ke isa inda ake buƙata ba. Ƙarin kauri na mataki ɗaya yana iya rage hayaƙi da shan mai a tsohon inji, wannan gaskiya ne, kuma ba laifi idan littafin ya yarda da lambar. Amma ƙarfen da ya cinye ba ya dawowa. Ƙiyasin da makanikai ke amfani da shi ga injunan cikin jirgi shi ne matsin mai ya kai kusan psi 10 ga kowane juyi 1,000 idan inji ya yi zafi. Idan an gaza hakan, a ɗaura gejin hannu a tabbatar ba na'urar awon ce ta lalace ba, sannan a buɗe inji kafin ya buga a tsakiyar ruwa, inda babu gefen titin da za a tsaya.

Wurare uku ne bai kamata wannan man ya shiga ba sam. Na farko injin bugu biyu, wanda ake haɗa masa mai da fetur. Nasa man daban ne, mai tambarin TC-W3, an yi shi ne don ya narke cikin fetur ya ƙone ba tare da barin toka ba. Yawancinsu kashi 50 na fetur ne ga kashi 1 na mai, wato mililita 20 a kowace lita, rabin lita ga tanki mai lita 25, amma a duba littafi domin sabon inji yakan buƙaci ninkin hakan a sa'o'in farko. Idan aka zuba masa man bugu huɗu, toka tana taruwa a fulogi da kan fistin, ringi ya maƙale. Na biyu injin dizal. Shi yana buƙatar man da zai riƙe baƙin hayaƙi ya kuma kashe tsamin da sulfa ke haifarwa, galibi 15W-40 mai tambarin inganci API CI-4 ko CK-4, ko tambarin VDS idan injin Volvo Penta ne. Tsofaffin Detroit Diesel masu bugu biyu, irin 6-71 da 8V-71, su kuma SAE 40 mai lamba ɗaya suke so, mai API CF-2 da ƙarancin toka. Na uku giyar da ke ƙasa kusa da farfela. Tana shan man giya, SAE 90 ko 80W-90, kuma lambar man giya ma'auninta daban ne: 90 ɗin nan a kauri bai yi nisa da 40 ko 50 na inji ba, sinadaran jure matsin haƙora ne suka bambanta su.

Man kirki ma yana ɓaci idan juyen bai yi kyau ba. Sabon inji galibi ana yi masa juyen farko a sa'o'i 20, daga nan kowane sa'o'i 100 ko shekara guda, duk wanda ya riga zuwa. Wanda ke yawan tafiya a silo ya rage zuwa 50. A fara ɗumama injin, amma kada a taɓa tayar da shi ba ruwa, domin robar famfon ruwa tana ƙonewa cikin ƙasa da minti ɗaya. Idan jirgin na tudu ne a haɗa masa tiyo. Injin maƙalawa a ɗaga shi sama na ɗan lokaci don man da ya maƙale ya sauko, sannan a miƙar da shi tsaye cak. A zuƙe man ta bututun sandar awo da famfon hannu, ko a kwance noti a tara a mazubi, kuma a sa sabuwar washa wajen mayarwa. Filta a canza ta kowane juye. A tabbata tsohuwar robar ba ta manne a jikin inji ba, domin roba biyu a haɗe suna fashewa man ya zube gaba ɗaya. A shafa wa sabuwar ɗan mai, a murɗa da hannu har ta zauna, a ƙara kashi uku cikin huɗu na zagaye. Wajen zubawa a rage kusan rabin lita daga abin da littafi ya ce, a tayar, a duba yoyo, a kashe, a jira mintuna biyar zuwa goma, sannan a auna a cike sannu a hankali. Cikawa fiye da kima ya fi ragi kaɗan illa, domin karanshaf yana kaɗa man ya yi kumfa, kumfa kuwa ba ta ɗaukar nauyi.

Kafin a zubar da tsohon man a dube shi a haske. Baƙi ba matsala ba ne. Idan ya yi fari-fari ya yi kauri, ruwa ya shiga, kuma a nan ana zargin gasket na kan silinda, ko na'urar sanyaya mai, ko bututun salansa da ya ruɓe a injin ciki. Idan ana ganin ƙyalli na ɓurɓushin ƙarfe, metal ne ke ci. Tsohon man a kai shi wurin da ake tattarawa, kada ɗigo ya shiga ruwa. Idan za a ajiye jirgi na watanni, a yi juye kafin ajiya, ba bayanta ba, don kada tsami da laima su kwana a kan metal.

Wani ƙaramin abu game da jarkar: a wasu ƙasashe tana zuwa a lita 1 da lita 4, a wasu kuma da awon Amurka, inda ƙaramar take mililita 946, galan kuma lita 3.78. Injin V8 mai 5.7 yana shan fiye da lita huɗu idan an haɗa da filta, don haka galan ɗaya ba zai kai ba, a haɗa da ƙaramar jarka guda. Ragowar ta zauna a cikin jirgi a rufe ruf don ciko. Idan man ya ragu a kan ruwa kuma babu irinsa, a cika da kowane mai FC-W da aka samu, ko da 10W-30 ne, domin gauraya lamba biyu ba ta kai haɗarin tafiya da ƙarancin mai ba. Da an dawo gaɓa sai a matso da lokacin juye.